Tsakanin Sadaka da Haƙƙi: Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu da 'Yan Gudun Hijira a Birnin Katsina, Dubi Daga Unguwar Kambarawa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da mutanen da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu suke ciki bayan sun shigo birnin Katsina, da irin tallafin da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke ba su. An tsaya a unguwar Kambarawa aka kalli lamarin, sannan aka kwatanta shi da na 'yan uwansu da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Abin da takardar take son nunawa shi ne, yawancin aikin da ake yi na ciyarwa ne da magani, alhali babbar asarar wanda ya yi hijira zuwa birni ita ce ta matsayi: ba a rubuta shi ba, ba shi da takarda, ba shi da inda zai kai kuka.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya saba bin lungunan Kambarawa da sassafe ya san kangon da zan ambata, in ba shi ba to irinsa. Gini ne da mai shi ya kai linta, kuɗi suka yanke masa. Ɗaki biyu babu rufi, na ukun an ɗora masa tsohon kwano an danne da duwatsu. Labulen ƙofa buhu ne da aka farke aka ɗinke. A tsakar gida murhu uku ne, kowane iyali da nasa. Kafin hantsi matan sun watse cikin unguwa neman wankau da surfe da wanke-wanke, yara sun bi bola tsintar robobi, maza kuwa, in akwai su, suna bakin kasuwa jiran dako. Mutanen nan manoma ne. Shekaru kaɗan baya geronsu da dawarsu muke ci.

Madogarar wannan takarda biyu ce: zama da waɗannan bayin Allah a unguwa, da kuma dokoki da yarjejeniyoyin da suka shafe su. Zan riƙa cewa "ƙungiyoyi masu zaman kansu" maimakon "ƙungiyoyin sa-kai", domin a ƙasar Katsina ta yau idan ka ce ɗan sa-kai, wanda ya rataya bindigar toka ya shiga daji ake fahimta, kuma akwai mutanen da jin sunan kaɗai yake tayar wa hankali.

2.0 Garin da baƙi suka gina

Katsina ba yau ta fara karɓar baƙi ba. Wangarawa daga yamma, Barebari daga gabas, Larabawa da Buzaye ta hanyar Agadas, duk sun sauka a nan, wasu unguwanni har yau da sunan zuriyarsu ake kiran su. Waliyyi Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne, ga Masanawa nan tana ɗauke da sunansa. Katsina ta kuma san fitar da nata. Da birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya ɗan gidan, Ɗan Kasawa, ya kafu a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Wato Maraɗi kanta masu hijira daga Katsina ne suka ɗaukaka ta. Iyakar da ta ratsa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta raba dangi ɗaya gida biyu.

Hijirar yanzu ta samo asali ne daga satar shanu da rikicin manoma da makiyaya a kewayen dajin Rugu, abin da ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane, ƙone ƙauyuka da ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. Ƙananan hukumomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume su suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Duniya ta waiwayo ne a ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Amma ficewar mutane daga ƙauyuka ta riga wannan rana, kuma ta ci gaba bayanta, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo Jibiya a watan Maris 2022 bayan an janye sojojin da ke garin.

3.0 Gudu ɗaya, suna biyu

A ɗauki 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka tasa a dare guda. Ɗaya ya yi arewa ya tsallaka iyaka, ɗaya ya yi gabas ya shigo Katsina. Da Hausa duk 'yan gudun hijira muke ce musu. A idon doka kuwa ba ɗaya suke ba.

Wanda ya tsallaka ya shiga ƙarƙashin Yarjejeniyar Janeba ta 1951, da kuma ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda ya bar ƙasarsa saboda taɓarɓarewar zaman lafiya, ko da ba shi aka nufa da kansa ba. Wannan faɗaɗawa ce ta ba wanda ya guje wa 'yan bindiga gurbi. Zuwa watan Satumba 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shiga jihar Maraɗi. Aka buɗe ofis, aka ɗauki sunaye da hoton yatsa. Maimakon sansani, aka zaɓi tsugunar da wasunsu nesa da iyaka a gefen ƙauyukan Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda rijiya da asibiti da makaranta suke amfanar baƙo da ɗan gari tare. Ba a ce sun ji daɗi ba. Amma magidancin da aka yi wa rajista yana da takarda, kuma akwai hukumar da za a tuhuma idan ya wulaƙanta.

Wanda ya shigo Katsina fa? Yana cikin ƙasarsa, don haka a rubuce ya fi ɗan uwansa gata. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar zama duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Akwai Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, akwai kuma Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a Disamba 2012, Nijeriya ma ta amince da ita a wannan shekarar. Sai dai sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita dokar gida, kuma an haura shekara goma bayan amincewar ba a yi hakan ba. Nijar kuwa ta yi tata dokar tun Disamba 2018, ita ce ta farko a Afirka.

Ga kuma wani giɓin. Shekara da shekaru tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya taƙaita ne ga Barno, Adamawa da Yobe, kuma inda tsarin ya nuna, can kuɗin masu bayarwa suke bi. Katsina ba ta da manyan sansanoni irin waɗanda aka sani a Maiduguri, sai na wucin gadi a makarantu, waɗanda ake tashi da zarar an koma karatu. Saura duk sun narke cikin unguwanni. Narkewar nan tana da alheri, domin ta tsare mutunci fiye da zaman tanti. Tana kuma da illa babba: wanda ba a gani ba a lissafa shi.

4.0 Abin da ake yi

Adalci ne a fara da faɗin cewa mai agaji na farko ita ce unguwa. Mai kangon da ya ce a zauna, liman da ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, matar da ta raba tuwon darenta biyu, mai unguwar da aka tasa cikin dare, waɗannan ba su da allon suna a ƙofa, amma su suka ɗauki mafi yawan nauyin. Bayansu sai 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin mata Musulmi irin FOMWAN, da Red Cross, da matasan da ke tara kuɗi ta WhatsApp lokacin azumi.

Cikin ƙungiyoyin waje, wadda aikinta ya fi fitowa fili ita ce ta likitocin MSF, da ake kira Na-gari-na-kowa, wadda take kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, har da cibiyarta ta Ƙofar Sauri a nan cikin birni. Wanda ya taɓa ganin an zagaya ɗan siririn ma'aunin nan a damtsen yaro, ya tsaya a kan ja, uwar tana kallon fuskar ma'aikaci don ta karanta hukunci, ba zai raina wannan aiki ba. A watan Yuli 2025 ƙungiyar ta bayyana cewa a wata shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000 a jihar, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Wannan ya zo ne daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare kuɗin agaji. Ba duk yaran nan ne 'ya'yan masu hijira ba, amma manomin da aka hana shiga gona da yaron da ya rame, zare ɗaya ne ya ɗinke su.

Duk wannan jin ƙai ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina. Matsalar ita ce an tsaya nan. Sadaka tana hannun mai bayarwa, ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana, kuma mai karɓa godiya kawai ce tasa. Haƙƙi kuwa ana bin sa ne kamar bashi. Na taɓa halartar wani rabon kayan abinci inda aka jera mata a rana tun safe, ba a fara ba sai da manyan baƙi suka iso bayan Azahar, kuma kowace sai ta rungumi ɗan ƙullin shinkafarta an ɗauke ta hoto kafin ta wuce. Da yamma hotunan suna Facebook. Wata daga cikinsu ta ja mayafi ta rufe fuska, aka ce ta buɗe. Matar nan a garinsu ita take aika wa maƙwabta da ƙwaryar hatsi ranar biki. Ban ga mugunta a fuskar masu rabon ba, sun zo da niyyar alheri. Amma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa mutuncin mai karɓa yana cikin abin da aka ba su amana.

5.0 Maganar takarda

Nan ne nake ganin ƙungiyoyi suka fi barin aiki, don haka zan ɗan daɗe.

Wata dattijuwa daga wani ƙauye na ƙasar Batsari, wadda aka kashe mijinta da babban ɗanta, tana riƙe da jikoki huɗu. Na raka ta wani ofis don a sa sunanta cikin masu samun tallafi. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "Inna, kina da lambar shaidar ɗan ƙasa?" Ta ce, "Ɗana, da zanen jikina na fito." Ya ce to ko takardar mai gari. Ta ce, "Mai garin namu shi ma yana nan cikin birni, a gidan surukinsa yake kwana, hatiminsa ya ƙone tare da gidan." Ma'aikacin ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Malam, wallahi ba ni da yadda zan yi, na'ura ba ta karɓa sai da lamba." Muka fito. A hanya ba ta yi ƙorafi ba, sai cewa ta yi in yi haƙuri ta ɓata mini lokaci.

A bi zaren a gani. Tallafin kuɗi yanzu ta asusun banki ko ta waya yake zuwa. Asusu ba ya buɗuwa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ko ta banki, layin waya ma sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a, tun 2021 sai da ita. Gurbin karatu da tallafin karatu da ɗaukar aiki kuwa suna neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ake samu bayan dagaci ko hakimi ya tabbatar da mutum. To wanda ƙauyensa ya zama kufai, wa zai tabbatar da shi? Jaririn da aka haifa a kango, ba a asibiti ba, ba a yi masa takardar haihuwa ba, bayan shekara goma sha takwas ɗan ina za a ce da shi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, amma yaran kango da yawa ba sa zuwa, wani don kayan makaranta, wani don cikinsa ne ya fi gaggawa, wani don uwar tana jin makarantar ta 'yan gari ce.

Aikin samar wa mutane takarda ba ya cin kuɗi kamar rabon abinci. Abin da yake ci shi ne naci: mutum ya zauna da mai unguwa a rubuta sunaye, a nemo dagatan da suka yi hijira su shaidi mutanensu, a gayyato ma'aikatan rajista su zo unguwa da na'urarsu, a raka wadda ba ta san ƙofar ofis ba. Matashi mai takardar sakandare, in an horar da shi sati biyu kan abin da doka ta ce, zai iya.

Haka batun shari'a. Yarinyar da aka kai aikatau aka hana ta ladanta, ko aka ci zarafinta, iyalin da mai kango ya ce su tashi kafin gobe, magidancin da aka kama don kawai baƙuwar fuska ce, duk suna da inda za su je. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tun 1976, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tun 1995, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta zama dokar gida a Nijeriya tun 1983, ana iya kafa hujja da ita a kotu. Ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 kuma sun buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar shigar da ƙara a madadin marasa ƙarfi. Makaman suna nan. Tazarar da ke tsakanin kango da waɗannan ofisoshi ba ta kai tafiyar awa ɗaya a Keke Napep ba, amma ga matar da ba ta taɓa jin sunansu ba, kamar bangon duniya suke.

6.0 Waɗanda ake tsallakewa

A taron ƙasa da ƙasa ana yawan haɗa 'yan gudun hijira da baƙin haure da al'ummomin asali a magana ɗaya. Kalmar "asali" tana da santsi a wurinmu. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙin al'ummomin asali a 2007, Nijeriya ta ƙaurace wa ƙuri'a, kuma a cikin gida "ɗan asali" ya fi zama katangar ware baƙo. Amma in manufar ita ce al'ummar da rayuwarta ta rataya ga ƙasa da daji, kuma muryarta ba ta kai wa ga masu mulki, to muna da su.

Akwai Fulani makiyaya da 'yan bindiga suka kore wa shanu, 'yan sa-kai kuma suka ƙone wa ruga saboda laifin da wasu suka yi. Irin wannan bawan Allah wuta biyu ce ta sa shi tsakiya. Idan ya shigo birni ba ya zuwa layin rabo, domin yana tsoron a nuna shi da yatsa. Na faɗi wannan ina sane da zafin da ke zukatan waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, ni ma na yi ta'aziyyar da ba zan manta ba. Amma ƙungiyar da ta ce haƙƙin ɗan Adam take karewa, ranar da ta fara tambayar ƙabila kafin ta taimaka, ta sauka daga kan aikinta. Akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci na kudancin jihar, wajen Malumfashi da Kafur, waɗanda rabon da ya bi ta masallaci kaɗai ba zai same su ba. Akwai kuma mutanen Nijar da ke zuwa cin rani, masu ga-ruwa da masu gadi da masu shayi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga ita ce inuwarsu a doka, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Zumunci yana nan, amma zumunci ba ya hana a tatsi mutum a shingen hanya.

7.0 Komawa gida da maganar gona

A 2025 an ƙulla sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari, wasu mutane sun fara komawa. An yi irin wannan sulhu a 2016 da 2019, bai ɗore ba, don haka wanda ya yi jinkiri ba za a ce masa matsoraci ba. Yarjejeniyar Kampala ta ba mai hijira zaɓi uku: ya koma, ya zauna inda yake, ko a tsugunar da shi wani wuri, kuma da yardarsa. Aikin ƙungiyoyi ne su tsaya kan wannan zaɓi, kada a tashi mutane daga makaranta ko kango a ce su tafi alhali ba su aminta ba.

Rikicin da nake hangowa na gona ne. Gonaki da yawa an jinginar da su ko an sayar da su a wulaƙance don biyan kuɗin fansa. Wasu an bar su shekara biyar, iyakokinsu sun shafe, wasu kuma wani ya shiga yana nomawa. Gonar ƙauye ba ta da takarda, shaidarta tana bakin dattawa da maƙwabta, ga dattawan suna ƙarewa a birni ɗaya bayan ɗaya. Marayu da zawarawa su za a fi cuta. Ƙungiyar da ta ɗauki littafi ta bi kangaye, tare da dagatai da malaman da suka san rabon gado, ta rubuta wa ke da wace gona, wa ya karɓi jingina, nawa aka bayar, gaban wa, ta yi aikin da alƙalai za su dogara da shi nan gaba.

Na gwada wannan da dattijuwar da na ambata. Na ce, "Inna, gonar marigayi, za ki iya faɗa mini iyakarta?" Ta gyara zama. Ta ce daga gabas gawo ne babba, wanda tsawa ta tsage wa reshe, daga nan a bi jerin gamba har bakin kwari, yamma kuma ta yi iyaka da gonar ƙanensa, akwai tururuwa a kusurwar. Ta faɗi damin gero nawa take bayarwa in damina ta yi kyau, ta faɗi wanda ya ba su rance a kanta da mutum biyun da suka shaida. Ɗaya daga cikin shaidun ya rasu bara. Na rubuta duka a takarda biyu, ta dangwala yatsa, na kai wa mai garinsu ya sa hannu, ɗaya tana wurinsa, ɗaya ta naɗe a leda ta ba babban jikanta, mai shekara goma sha ɗaya.